Fanfar ta ƴan koleji: ban da busa da kiɗa, mi yaro ke koya a ciki?

Mushen Koleji, Tawa

Assalamu alaikum. An ɗora mini shirya fanfar, wato ƙungiyar masu busa da ganga da ke maci, ta yara 36 na kolejinmu don defilen (faretin) bikin ƙasa na 18 ga Disamba, kuma ana maganar za a ba makarantar da ta fi tsari kyauta. Kayan da ke hannu: begila 8, torompet 4, ƙananan ganguna 6, manya 2, faifan ƙarfe na mutum 2. Sauran yara 14 tuta za su riƙe. Sati goma ya rage. Wasu iyaye na cewa ɓata lokaci ne, ni kuma ina ce musu akwai tarbiyya a ciki, amma in suka ce "wace iri?" sai bakina ya mutu. Masu sanin abin, ku taimaka: mi yaro ke koya takamaimai, kuma yaya ake tsara atisaye har ya koye shi?

Baba Sajan, Yamai

Wa alaikumus salam, Mushe. Allah ya ba da sa'a. Kada ka yi wa iyaye alkawarin tarbiyya da fatar baki. Fanfar ba wa'azi take yi wa yaro ba, tsarin atisayen ne ke gyara shi, in kuma tsarin ya lalace to hayaniya kawai za ka koya musu.

Sati biyu na farko kulle kayan busa a ɗakin ajiya. Ƙafa ake fara koya. Samu igiya da toka ka ja layuka a filin makaranta, tsakanin kowane layi da na gaba mita 4 da rabi. Taku 8 ne daga layi zuwa layi, wato kowane taku kusan santimita 56. Takun soja ya kai 75, amma yaro ɗan shekara 13 da ganga rataye a ciki ba ya iya shi, sai ka ga yana tsalle. Hagu ke fara taka ƙasa a "ɗaya", saboda haka a "takwas" ƙafar dama ce za ta sauka daidai kan toka. Amfanin layin nan shi ne yaro da idonsa yake ganin ya zarce ko bai kai ba. Ba ruwan toka da ɗan wane, ba ta kuma jin gardama. Yaron da ya saba duba ƙafarsa ya gyara kafin a yi masa magana, ya koyi abin da manya da yawa ba su iya ba.

Gudun maci taku 120 ne a minti. Sauke metronom, wato manhajar da ke buga lokaci daidai, a waya, ka haɗa da lasifika. Fara da 96, kana ƙara 4 duk kwana biyu. Kada ka yarda da ƙirgan bakinka, don in ka gaji za ka ja baya, in ranka ya ɓaci za ka yi sauri, yara kuma su bi ka.

Dunduniya ke fara taɓa ƙasa, yatsu sama, sannan a mirgina tafin ƙafa zuwa gaba. Wanda ke dira ƙafa gaba ɗaya, girgizar na hawa har leɓe, sai sautin begilarsa ya riƙa rawa da kowane taku. Gwajinsa mai sauƙi ne: ba yaro kofi cike da ruwa, ya yi taku 16. In ya zubar, daga ƙugu zuwa sama bai tsaya ba tukuna.

Inda jeri ke watsewa shi ne wajen shan kwana. A sahu mai mutum 5, mita guda tsakanin kowa, na can ciki zai yi tafiyar kusan mita ɗaya da rabi, na can waje kusan mita 8, kuma duka cikin taku 12. Na ciki takunsa bai wuce santimita 13 ba, na waje ya kai 65. Kuskuren kullum shi ne na ciki ya gaji da ƙananan taku ya yi gaba abinsa, sai na waje ya kama gudu. Ka sa kowa ya karkata ido wajen na waje, shi ne mai doguwar hanya, da shi ake daidaitawa. Kuma ka riƙa sauya musu wuri a atisaye, wanda ya taɓa zama na waje ba ya ƙara barin ɗan'uwansa a baya.

Maganar zuwa kan lokaci: in ka ce ƙarfe 4 da rabi, to 4 da rabi shi ne bugun farko, ba lokacin shigowa ƙofa ba. Ko yara goma ne suka zo, fara. Kowa na da gurbinsa, misali sahu na 3 mutum na 2. Wanda bai zo ba a bar wurinsa fayau, kada a matsa a cike. Na bayansa zai rasa ƙeyar da yake bi, na gefensa zai rasa kafaɗar da yake auna kansa da ita, su da kansu za su je gidansu su taho da shi gobe.

Mai Torompet, Yamai

Baba Sajan ya gama maganar ƙafa, Allah ya ƙara girma. Ni zan taɓo kunne, don a ganina nan ne babban darasin yake.

Sauti ba nan take yake isowa ba. A zafinmu yana tafiyar kusan mita 350 a sakan. In jerinka ya kai tsawon mita 35, ganguna na gaba, na ƙarshe zai ji bugu bayan kashi ɗaya cikin goma na sakan. A gudun 120 kowane bugu rabin sakan ne, ka ga ya makara da kashi ɗaya cikin biyar na bugu alhali a kunnensa daidai yake. Zai rantse bai yi kuskure ba, kuma ba ƙarya yake ba. Magani biyu ne: sa ganguna a tsakiyar jeri, sannan masu ganga su ɗauki lokaci daga sandar mai ja gaba da ido, sauran su ɗauka daga ganga da kunne. In kuka zo kusa da tiribin, wato rumfar manyan baƙi, ko dogon bango, amsa-kuwwa za ta dawo muku da bugun da kuka riga kuka yi. Wanda ya bi ta ya ja kowa baya. A wurin nan ido ake bi. Yana da kyau ka kai su kusa da bangon aji ka sa su ji abin da kunnensu, yaro ya gane cewa "haka na ji" ba kullum ne hujja ba.

Masu ƙananan ganguna shida dole su fito kamar mutum guda. Duk wanda ya ga mata uku na lugude a turmi ɗaya ya san yadda abin yake: kowace tana jin taɓaryar ƴar'uwarta fiye da tata. Fara musu da bugu 8 da dama, 8 da hagu, minti goma kullum a kan benci ko tsohuwar taya, ba sai ganga ba. Ƙayyade tsayin sanda: santimita 8 don bugu mai laushi, 15 matsakaici, 23 zuwa 30 mai ƙarfi. Mafi yawan "datti" a kiɗa ba daga lokaci yake ba, daga tsayi ne: wani ya ɗaga sanda 30, wani 15, ba za su sauka tare ba. Bayan sati biyu ƙara musu dama-hagu-dama-dama, hagu-dama-hagu-hagu. Sa mafi tsayayyen hannu a tsakiya, ba mafi gwaninta ba, kowa ya saurara zuwa ciki. Gwanin da ke ƙara ado daga kansa shi ne zai fi ba ka wahala. Hanyar da ke aiki: na tsakiya ya fara shi kaɗai, a ƙara mutum ɗaya, in ya fito tsaf a ƙara wani. Duk inda ya ɓaci an san daga wa ne, ba tare da an nuna yatsa ba.

Masu busa: numfashi kafin nota, wato sautukan waƙa. A ja iska cikin ƙirga 4, a fitar cikin 4, sannan 8, 12, 16, kafaɗa ba ta motsi. Daga nan dogon sauti ɗaya, ƙirga 8, kowa tare. Ƙa'idar ita ce in kana jin kanka fiye da na damanka da na hagunka, ka yi yawa. Sabon leɓe ba ya wuce minti 15 zuwa 20 na busa ba hutu. Ya gaji, yaro zai fara danna ƙarfen a baki don ya kai sama, leɓe ya kumbura, gobe babu sauti. Da taku santimita 56 a gudun 120, kilomita ɗaya kusan minti 15 ne, don haka shirya waƙa ta zama ana busa taku 32, ganguna su riƙe 32 su kaɗai, leɓe ya huta.

Ƙarfe na bin yanayi. Da zafin la'asar sautin torompet na hawa, da sanyin safiyar Disamba yana sauka. Ku kuna atisaye da yamma, defile kuwa da safe ne, to abin da kuka daidaita jiya ba shi za ku tarar ba. A hura iska mai ɗumi cikin kayan minti biyu ko uku kafin a daidaita, a ja bututun daidaitawa waje in sauti ya hau, a tura ciki in ya sauka.

Ƙurar hunturu kuma ita ce ajalin fistan, wato maɓallan torompet da ake dannawa da yatsa. Ɗigo biyu ko uku na man fistan kafin kowane atisaye, a goge tsohon da ƙyalle mai tsabta tukuna, in ba haka ba mai da ƙura su zama abin da ke cinye ƙarfe. Ban da man gyaɗa, ban da man inji, suna daskarewa. Fistan uku ne, kowane da lambarsa, 1 na wajen baki. In aka musanya su ko aka juya ɗaya ba daidai ba, iska ta toshe, yaro ya zo yana cewa torompet ta lalace. Wankin kayan busa sau ɗaya a wata da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu, ruwan zafi na ɓare fentin. Bakin busa in ya maƙale kada a sa masa filaya, bututun ne zai murɗe. Fatar ganga a ɗaure ta ƙusa da kishiyarta, rabin juyi-rabin juyi, ba a bi da'ira ba. In fatar akuya ce a sassauta bayan an gama, busasshiyar iska na ƙara ɗaure ta har ta tsage cikin dare. Rubuta sunan kowane yaro da lambar kayansa a littafi, ranar Asabar a duba a gaban kowa. Kayan da ba na kowa ba shi ke fara mutuwa.

Mushen Koleji, Tawa

Na gode ƙwarai, Baba, na gode ɗan'uwa. Saura guda: wani abokin aiki ya ce fanfar ba ta yiwuwa sai da bulala da tsallen kwaɗo, wai haka ake yi a bariki. Gaskiya ne?

Madam Hajiya, Tawa

Mushe, ka gaya wa abokin aikinka yaran nan ba kurata ba ne. Bar ma maganar tausayi, bulala na ɓata aikin kansa. Yaron da ke tsoro yana ɗaure kafaɗa da wuya, numfashinsa ya gajarce, hannunsa ya sandare a kan sanda. Mafi muni, yana koyon ɓoyewa: mai begila zai ɗora ta a baki yana kwaikwayon busa ba sauti, don wanda bai busa ba ba ya kuskure. Ranar defile ka tarar begila takwas, uku ke fita.

Juya abin. Duk wanda ya yi kuskure ya ɗaga hannu da kansa da an tsaya, kai kuma ka ce "na gani" ka wuce, babu faɗa. Wanda ake tsayawa a kansa shi ne wanda ya yi kuskure bai sani ba, shi ma nuna masa za a yi. Cikin sati biyu za ka ga hannuwa na tashi ba kunya. In an yi wa yaro gyara, amsarsa "to" ce, a maimaita nan take, bayani sai an tashi. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, a faɗi abin da za a yi: "taku na 5 ka rage", ba "kai kullum kai ne" ba. Kuma a hana tsayawa a tsakiyar waƙa. Sanda ta faɗi, a zaro ta ajiya daga ɗamara a ci gaba. Ƙafa ta rikice, a yi ɗan ja da ƙafa sau ɗaya a koma kan hagu, fuska ba ta nuna komai. Wannan sai an yi atisayensa da gangan: ka riƙa zare wa mai ganga sanda ana cikin tafiya.

Ga abin da ke kayar da yara, ba rashin juriya ba ne. A Oktoba rana na da sauran ƙarfi. Jiki na buƙatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka kwanakin farko minti 45 sun isa. Kowa ya zo da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a sha duk minti 15 zuwa 20 ko ba a jin ƙishirwa, kuma hana ruwa ba ya cikin horo. A tsayuwar jiran manyan baƙi kada a ƙame gwiwa: jini na taruwa a ƙafafu, yaro ya ga duhu ya faɗi da ƙarfe a baki. Gwiwa a sake kaɗan, yatsun ƙafa na motsi cikin takalmi, kuma kowa ya karya kumallo, ko da koko da ƙosai ne. Wanda ya ce kansa na juyawa ya tsuguna nan take. In yaro ya fara magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi asibiti. Masu ganga su toshe kunne da abin toshewa na soso da ake samu a farmasi. Leɓen da hunturu ya fasa, man kaɗe da dare, a goge kafin busa.

Iyaye kuwa, takarda za ka ba su, ba jawabi ba: ranaku uku a sati, daga bayan la'asar, a tashi rabin awa kafin magariba, ƴan mata su isa gida da haske. Ka cika wannan ko waƙa ba ta zauna ba, don ranar da ka riƙe ƴar mutane har duhu ka rasa ta. Ka rubuta cewa wanda makinsa ya faɗi a aji zai huta sati biyu. Tufafin ƴan mata masu tuta a nuna wa iyaye mata kafin a kai wa tela. Kada kuma ka ɗauka tuta ce kawai rabon mata, gwada kowa a kan benci, sau da yawa hannun da ya fi tsayuwa a nan yake fitowa. A sati na shida ka gayyaci iyaye su ga atisaye, ba wasa ba. Uban da ya ga ɗansa ya ɗaga hannu ya amsa kuskurensa a gaban mutane ba zai ƙara tambayarka wace irin tarbiyya ba.

Ɗan Jami'a, Yamai

Gaisuwa ga iyayena da suka riga ni. Tun da akwai kyauta a maganar, bari in kawo yadda masu gasa ke yi. A Amurka akwai Drum Corps International, mai shirya gasar ƙungiyoyin busa da ganga, wadda ta fara gasarta a 1972. Ƙungiya guda na iya haura mutum 150, matasa ne da ba su wuce farkon shekaru ashirin ba, wasan kuma minti 11 zuwa 12 ne kacal. Don waɗannan mintuna suke kwashe bazararsu suna atisayen da kan kai awa goma a rana, suna yawo a bas, suna kwana a ƙasa cikin ɗakunan wasanni na makarantu, har a yi ƙarshe a Indiyanafolis cikin Agusta. Kuɗi mai yawa suke biya don a ɗauke su. Wannan ba namu ba ne, amma abu uku nasu kyauta ne.

Kowane ɗan ƙungiya na rataye da ɗan littafi da ya rubuta wurinsa da hannunsa: a ƙirga kaza ina taku kaza daga layi kaza. Raba wa yaranka rabin kaye, wato littafin rubutu, su yi haka. Wanda ya rubuta ba ya cewa ba a gaya masa ba.

Na biyu, yadda ake ba da maki. Har farkon shekarun 1980 alƙalai kuskure suke ƙirgawa, kowane ɗaya a zare kashi ɗaya cikin goma na maki. Daga baya aka koma auna abin da ƙungiya ta iya da wuyar abin da ta ɗauko. Yau maki 100 ne: 40 na yadda wasan ya kama mai kallo gaba ɗaya, 30 na kiɗa, 30 na tafiya da tsari. Yi wa yaranka irin takardar nan. Duk Asabar a ɗauki bidiyo da waya daga wuri mai tsayi, wuri ɗaya kullum, su zauna su ba kansu maki kafin ka faɗi naka. Abokin gasarsu shi ne bidiyon satin da ya wuce. Abin da wata makaranta ke yi ba ya hannunsu, abin da alƙali zai so ma haka.

Na uku, in ana sanar da sakamako ƙungiyoyi na tsaye a jere a fili, wanda ya ci da wanda ya faɗi fuska ɗaya. Yi atisayen wannan ma. Sanar musu "kun zo na huɗu" su tsaya ƙyam, su tafa wa na ɗaya, su fita a jere. Sanar musu "kun zo na ɗaya", su yi daidai haka.

Shawarata kan waƙa: taken ƙasa, wanda aka sauya a 2023, sai maci biyu masu sauƙi. Begila ba ta da fistan, notoci kusan biyar take bayarwa, don haka taken sai torompet, begila ta jira maci. In kana neman rubutattun notoci ko mai duba maka kaya, tambaya a cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya a nan Yamai.

Baba Sajan, Yamai

Hajiya ta yi gaskiya kan bulala, ko a bariki ba ita ke sa sahu ya miƙe ba, maimaici ne. Inda ban bi ɗana Ɗan Jami'a ba shi ne bidiyo duk sati tun daga farko. Na satin farko ka ɗauka ka ɓoye, kada su gani sai sati na biyar, a jera shi da sabo. In suka ga kansu tun suna tafiya kamar an kore su, rabi ba za su dawo ba.

Mushe, ƴan Tawa sun ga defilen 2017 da aka yi bikin ƙasa a garinku, idonsu ya buɗe, za su lura da sahu kafin su lura da waƙa. Sati na tara ka kai yara kan ainihin titin da asuba, da takalman da za su sa ranar. Kwalta ba yashi ba ce, taku na ƙara tsawo a kanta, sabon takalmi kuma na fidda ƙurji a dunduniya. Auna mita 50 kafin tiribin ka sa alama, daga nan za a fara macin da suka fi iyawa, ba daga inda aka taso ba. Ka nemi a bar muku tazarar aƙalla mita 60 tsakaninku da fanfar da ke gaba, in ba haka ba babbar gangarsu za ta sace ƙafar yaranka. Kwana biyu na ƙarshe masu busa kada su wuce minti 20. A aljihunka ranar: man fistan, makullin ganga, sanduna huɗu na ajiya, filasta, da allura da zare.